Dutsen giranayit a kicin da banɗaki: ga yadda abin yake kafin ka zuba kuɗinka

Duk wanda ke shiga sababbin gidajen da ake ginawa a Gusau ko Birnin Kebbi cikin 'yan shekarun nan ya san yanzu kicin ya zama wurin nuna gida, da anka gama zagayawa da kai falo sai a ce zo ka ga kicin, kuma abu na farko da idonka zai sauka kai shi ne wanga dutse mai sheƙi da anka shimfiɗa saman kabinet. Mutane na ce mashi mabul, wasu su ce giranayit, wasu ma tayil, duk ɗaya ne a bakinsu, to kuma nan ne asarar kuɗin ke farawa, don abubuwa ne daban-daban masu hali daban-daban, kuma mai sayarwa ba dole ne ya tsaya ya rarrabe maka ba tunda kai da kanka launi ka zo saye. Ni dai ina son dutsen nan ƙwarai, in anka dace da na gaske kuma anka ɗora shi yadda ya kamata to jikokinka ma za su same shi, amma yana ba ni takaici in ga mutum ya tara kuɗi da guminshi ya saya, shekara ba ta zagayo ba manja ya zauna ciki ko ya tsage a bakin sinki.

Giranayit dutse ne da ya samu daga narkakken dutse can ƙarƙashin ƙasa wanda ya huce a hankali cikin lokaci mai tsawon gaske, wagga hucewa a hankali ita ta ba ƙwayoyin cikinshi damar girma har ido na ganinsu. In ka matsa kusa da shi za ka ga iri uku, akwai mai kamar gilashi-gilashi da ake ce ma kwaz, akwai fari ko mai ja-ja da ake ce ma felsifa wanda shi ke ba dutsen yawancin launinshi, sai baƙaƙen ɗigo masu ƙyalli na maika. A ma'aunin taurin duwatsu da ke tashi daga 1 zuwa 10, kwaz na kan 7, felsifa na kan 6, ita kuwa wuƙar kicin ta ƙarfe wajen 5 da rabi take, shi ya sa in uwargida ta yanka albasa kai tsaye a kanshi wuƙar ce za ta dakushe, dutsen ko a jikinshi. Kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu fa, dutsen niƙa da kakanninmu sunka yi shekara da shekaru suna niƙa gero a kai da yawanshi wanga dutsen ne, bambancin kawai wancan an bar shi da kaushi don ya ci hatsi, wannan an goge shi da inji har ya yi santsi.

Mu mutanen Zamfara ma a kanshi muke zaune. In ka fito Gusau ka nufi Tsafe, wancan ƙaton dutse na Kwatarkwashi da ke tsaye gefen hanya giranayit ne, masana duwatsu na ƙiyasta irin waɗannan duwatsu namu da shekaru wajen miliyan 600. Kebbi kuwa ta rabu biyu, kudancinta wajen Zuru da Yawuri akwai irin wagga tsohuwar ƙasa mai duwatsu, amma Birnin Kebbi da Argungu da Gwandu suna kan ƙasar da ruwa ya tara ce, yashi da laka da marmara, ko ka yi ta haƙa ba za ka tarar da shi kusa ba. To sai mutum ya yi tambaya, tunda ga shi a bayan gida mi ya sa wanda ake sayar muna sai ya ƙetaro teku? Amsar tana cikin yadda ake ciro shi. Wuraren fasa dutse namu tsakuwar kwalta da ta kankare suke nema, nakiya suke sa mashi ya tarwatse, dutsen da nakiya ta girgiza kuwa ya cika da tsaga ta ciki, bai yankuwa falle. Mai son fallen kicin sai ya yanko ƙaton curi lafiya lau da waya mai haƙoran daimon, wato lu'ulu'u, a kai masana'anta a tsaga shi falle-falle da manyan zartuna, a bi shi da injin gogewa mataki-mataki, duk wannan na cin wuta da ruwa da jari mai nauyi. Ga kuma halin tsaro da muke ciki, har gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019 ba a ɗage ba sai Disambar 2024, wa zai kawo irin wanga jari daji a haka. Akwai giranayit ɗan gida da ake yankawa a wasu sassan ƙasar nan kuma yana da kyau, in ka samu kada ka raina shi don an ce na gida ne, sai dai mafi yawan abin da ke kasuwa daga Indiya da Sin da Barazil yake zuwa, ya sauka Legas, ya hau mota zuwa kasuwanni irin Dei-Dei a Abuja ko Kano ko Kaduna, sannan ya iso wurinmu. Shi ya sa farashinshi ke bin dala da kuɗin mai ƙafa da ƙafa, tun da anka cire tallafin mai anka saki naira a 2023 kowa ya ga yadda kayan gini sunka koma.

Yanzu ga inda nake son a natsu. Sunan giranayit a kasuwa ya fi na masana faɗi, duk dutse mai tauri da ke ɗaukar sheƙi ana kiranshi haka. Wancan baƙin mai ɗigon zinariya-zinariya da mata ke so, Black Galaxy, daga jihar Andhra Pradesh ta Indiya yake fitowa, kuma a wurin masana wani dangin dutse ne daban wanda kusan babu kwaz a cikinshi, amma wannan ba aibu ba ne ko kaɗan, yana da tauri kuma bai cika shan ruwa ko mai ba. Tan Brown mai ruwan ƙasa da baƙi shi ma na Indiya ne, Ubatuba mai duhun kore na Barazil ne, sai masu toka-toka masu araha da Sin ke fitarwa waɗanda lamba ce sunansu irin G603. Duk waɗannan sun yi a kicin. Wanda ke ba da matsala shi ne mabul na gaske. Mabul asalinshi irin dutsen da ake siminti da shi ne, irin na Kalambaina a Sakkwato, wanda zafi da matsin ƙasa sunka sauya, muna da shi a Najeriya a wurare irin Jakura a Kogi da Igbeti a Oyo. Taurinshi 3 ne kacal, ƙusa na karce shi, kuma babban abin shi ne tsami na cinshi. Ka duba girkinmu da kyau, tsamiya a kunu, zoɓo, lemun tsami, tumatir, nono, ruwan tsami na tuwo, kusan babu ranar da abu mai tsami bai taɓa saman kantar ba, wato dutsen da anka shimfiɗa saman kabinet. A kan mabul kowane ɗigo sai ya bar tabo marar sheƙi, kuma tabon ba datti ba ne da za a wanke, fuskar dutsen ce ta narke, sai dai a kira mai inji ya sake gogewa. Farin mabul mai jijiyoyi yana da kyau a ido ba a musu, a sa shi a falo ko jikin bango, amma a kicin ɗin da ake girki na gaske ban ba kowa shawara ba.

Akwai kuma na haɗi da ake ce ma kwaz, wanda garin dutse ne wajen kashi 90 cikin 100 anka cuɗa da roba mai ɗauri anka matse a masana'anta. Launinshi bai ɗaya ne daga farko har ƙarshe, bai shan ruwa, ba ya son a shafa mashi komai, amma robar da ke ciki ba ta jure zafi, ka sauke tukunya daga wuta ka ɗora sai ta bar zobe mai ruwan ƙasa wanda ba ya fita, kuma hasken rana na sa shi ya yi rawaya, kenan a kicin ɗin tsakar gida da rana ke dukan wurin bai dace ba. Sai kuma manyan tayil da anka buga ma hoton dutse a fuska, su ma ba laifi in an faɗa maka gaskiya kuma an sayar maka a kuɗin tayil, ganewarsu kuma ba wuya, ka dubi gefen da anka yanke, dutse na gaske ƙwayoyinshi sun ratsa har ciki da baya, tayil kuwa zanen a sama ya tsaya.

To ya za ka gwada? Kada ka ji kunya, ka ce ma mai shago ya ba ka ɓallin dutsen da kake so, ko'ina ana yanka akwai ragowa zube a ƙasa, in ma ya ce sai ka biya ka biya. Ka kai gida ka aje a inuwa, gefe ɗaya ka matsa lemun tsami, gefe ɗaya ka ɗiga manja, gefe ɗaya ruwa zalla, ka ba su kamar minti 15 ka goge. In wurin lemun ya dushe ko ka ga yana ɗan kumfa to akwai sinadarin mabul ciki, ka bar shi. In wurin ruwan ya yi duhu nan da nan to dutsen mai sha ne, manjan ma zai nuna maka, za ka ga inuwar rawaya ta zauna a ƙarƙashin sheƙin ko ka sa sabulu. In baƙi ne za ka saya ka ƙara da gwaji ɗaya, ka sami ruwan goge farcen mata ka zuba a farin ƙyalle ka murza da ƙarfi, don akwai duwatsu masu toka-toka da ake rinawa su koma baƙi wuluk a sayar da tsada, in ƙyallen ya ɗauko baƙi an rina ne, kuma rinin zai koɗe a daidai inda ake yawan wankewa, kantar ta koma dabbare-dabbare. Sannan in za ka zaɓa ka je ka ga ainihin fallen da za a yanka maka, kada ka tsaya kan hoton da anka turo ta WhatsApp, dutse halitta ce, falle biyu masu suna ɗaya na iya bambanta a launi. Ka shafa hannu a kai cikin haske, in farcenka ya maƙale a wani layi to tsaga ce. Ka leƙa bayanshi kuma, in ka ga an manna mashi raga to alama ce irin dutsen na da rauni an tallafe shi ne, yana iya aiki amma yana son kulawa wajen ɗauka da ɗorawa.

Maganar launi, na san ido na son fari ko baƙi tas, amma ka tuna inda kake. Baƙi mai sheƙi a lokacin hunturu wahala ne, a goge da safe kafin azahar ƙura ta sake kwanciya har kana iya rubutu da yatsa, ga shatin ruwa da na hannu duk yana nunawa. Farare kuwa su sunka fi shan mai. Masu ɗigo-ɗigo masu ruwan ƙasa ko toka mai duhu su ne ke rufa ma uwargida asiri, ni a ganina su sunka fi dacewa da gidan da ke da yara da girki sau uku.

Sai kauri da nauyi, wanda mutane ba su cika tambaya ba alhali shi ne ƙashin bayan aikin. Falle na zuwa ne yawanci a kauri biyu, santimita 2 da santimita 3. Na santimita 2 kowace sikwaya mita na da nauyin kilo 54 ko kusa, na 3 kuwa wajen kilo 80. Kantar da ke da tsawon mita 3 da faɗin santimita 60 kenan ta kai nauyin buhun siminti biyu in siririn ne, in mai kaurin ne kusan uku. Wanga nauyi za a ɗora ma kabinet ɗin da kafinta ya haɗa da katakon nan na gari da anka matse, wanda da ruwa ya taɓa shi sai ya kumbura ya ruguje, ga gara kuma da ba ta raga ma kowa a ƙasarmu. Na ga wani kicin a Gusau, baƙin dutse mai kyau wallahi, amma a gaban sinki wata siririyar tsaga ta ratsa daga bakin ramin har gefen waje, da anka buɗe ƙofar kabinet ɗin ƙasa sai wari ya bugo, bututun ya daɗe yana ɗiga, katakon ya kumbura ya yi laushi har yatsa na shiga, gefe ɗaya ya zauna, dutsen ya rasa abin da zai tokare shi. Mai gidan na ta faɗan an sayar mashi da jabu, alhali dutsen lafiyarshi lau. Giranayit na ɗaukar dannawa ƙwarai amma ba ya lanƙwasa, in ƙasanshi ya goce sai ya karye. Shi ya sa na fi yarda da tsarin da birkilolinmu sunka saba, a tada ƙafafu da bulo, a zuba silab na kankare da rodi, a ɗora dutsen a kai, kafinta ya zo daga baya ya sa ƙofofi kawai. In kuma dole kabinet ake so to a yi firam na ƙarfe ko katako mai kyau, a ɗaga ƙafafun daga ƙasa don ruwan wanke daɓe. Kuma kafin dutse ya hau, a sa lebul a tabbatar saman ya daidaita ko'ina, kada a yarda da maganar za mu cike da siminti daga baya.

In ana son bakin kantar ya fito waje, irin inda ake jera kujeru yara su karya kumallo, ƙa'idar masu sana'ar ita ce na santimita 2 kada ya wuce kamar santimita 15 ba tallafi, na santimita 3 kuma kamar 25, fiye da haka sai an sa ƙarfe a ƙasa. Wani abu kuma, sau da yawa za ka ga baki mai kauri ka ɗauka dutsen duka haka yake, alhali siririn ne anka manna ma wani ɓalli a baki ya ninka. Ba yaudara ba ce in an faɗa maka, aiki ne da aka saba, kai dai ka san mi ka biya.

Ɗauko shi ma sai da ilimi. Falle a tsaye ake ɗaukarshi bisa gefenshi, a jingine da firam a ɗaure, kamar yadda ake ɗaukar gilashi. In anka kwantar da shi a bayan mota anka biyo hanyar Funtuwa zuwa Gusau ko ta Kontagora zuwa Yawuri da Koko da ramukan da ke kai, yana iya isowa da tsagar da ido bai gani sai bayan wata biyu ta buɗe. Ku yi magana tun farko, in ya fashe a hanya asarar wa ce. Haka wajen lissafin kuɗi, wani da sikwaya mita yake sayarwa, wani da tsawon mita, wani falle sukutum, sai ka tambaya ko kuɗin ya haɗa da fasa ramin sinki da na gas, da gyaran baki, da ɗan dutsen da ake tadawa jikin bango don tare ruwa, da kuɗin mota da na ɗorawa, don nan ne kuɗi ke ninkuwa bayan an riga an yi ciniki. Kuma kada a yanka sai an gama ginin ƙasan an zo an auna a wurin, bangonmu ba kasafai yake miƙewa sak ba, mai aiki nagari da kwali ko falanki yake fitar da siffar wurin ya tafi da ita. A sayi sinkin da kan gas ɗin tukuna a ba shi a hannu. Kusurwoyin ramin a yi su da ɗan zagaye, kusurwa mai kaifi daga nan tsaga ke tashi, a bar dutse mai ɗan faɗi gaba da bayan ramin, kuma mahaɗar falle biyu kada ta faɗo a kan sinki. Mahaɗa da gam ɗin dutse mai launin dutsen ake cike ta, tsakanin dutse da sinki ko bango kuma silikon, farin siminti a nan tsagewa yake ya riƙe datti.

Abin da ya fi damuna kuwa shi ne yadda ake tsara kicin ɗin ba a tambayi mai girkin ba. Alhaji ya ga hoto a intanet, ya kira mai aiki, an yi kanta mai tsayin santimita 90 zagaye da ɗaki, an kashe kuɗi masu yawa, Hajiya ta tare sai ga shi tuwon gidan mutum goma sha ba ya tuƙuwa a can sama, don tuƙi na son tukunya a ƙasa mutum ya samu ƙarfin kafaɗa ya danne ta. Ƙarshe sai a koma tsakar gida da murhun gawayi, kicin mai tsada ya zama wurin dafa shayi da indomi. Tsayin 90 ɗin nan ma ba wahayi ba ne, in mai girkin gajera ce a rage, a auna daga gwiwar hannunta a sauko kamar santimita 10 zuwa 15. Kuma mi zai hana a yi wani ɓangare ƙasa-ƙasa don babbar tukunya, a rage tsawon dutsen a sa shi inda ake yanka da wanki da jera kaya kawai? Kuɗin ma sun ragu. Daka kuma a bar shi a ƙasa, ko ƙaramin turmin yaji ne kada a ɗora a kai ana bugu, musamman kusa da rami ko baki, haka fasa ƙashi da adda. Zafin tukunya giranayit na jure shi ƙwarai, amma murhun gawayi mai ci a ɗora shi kai tsaye na awa ɗaya wuri guda ya yi zafi sauran na sanyi, wannan na iya tsaga shi, a sa wani abu a tsakani. Yara kuma a hana su hawa su ɗauko abu a sama.

Kula da shi ba wuya. Akwai ruwan da ake shafawa da ake ce ma sila, yana shiga ƙananan ƙofofin dutsen ya hana mai saurin kutsawa, a shafa a kan busasshen dutse a ba shi mintocin da anka rubuta a jikin gwangwanin sannan a goge ragowar tas kafin ta bushe. Ba kowane dutse ke so ba, baƙaƙen nan masu tauri in ka shafa ma sai ya zauna a sama ya yi hazo-hazo. Gwajin ɗigon ruwan nan shi zai gaya maka, ka riƙa yi lokaci-lokaci kusa da gas da sinki, ran da ka ga wurin na duhu to lokacin sake shafawa ya yi. Sila jinkiri kawai take ba ka, manja ko kurkur ko man gyaɗa in ya zuba a goge a lokacin, galan ɗin mai kuma a aje shi kan faranti don gindinshi kullum da naso. Wankin yau da kullum ruwa da ɗan sabulun wanke kwano da tsumma mai laushi ya isa. A guji toka da yashi da soson ƙarfe, yashi kwaz ne, taurinsu ɗaya da dutsen, yana kashe sheƙin a hankali, don haka ma ƙurar hunturu da jiƙaƙƙen tsumma ake ɗauke ta. In mai ya riga ya zauna, a kwaɓa bekin soda da ruwa ya yi kauri a shafa a wurin, a rufe da leda a manne gefen, a bar shi kwana ɗaya ko biyu ya bushe ya tsotso man, wani lokaci sai an maimaita.

Banɗaki kuma nashi matsalolin daban. Ruwan bohol a wurare da yawa na barin farin shati a gindin famfo, sai mai aiki ta ɗauko maganin wanke masai mai asid ta zuba, to wanga magani na cinye sila, yana iya dusar da wasu duwatsun, in mabul ne ma ya gama da shi a take. Maganin shatin shi ne a riƙa tsane wurin bayan amfani. Lalle da rinin gashi da turare mai mai da man shafawa duk suna kama farin dutse, don haka a banɗakin mata mai duhu ya fi. Sai alwala, wadda masu zana irin waɗannan banɗakuna a ƙasashen waje ba su sa ta a lissafi ba, mutum zai ɗaga ƙafa ya ɗora a bakin kwanon wanke hannu ya jingina nauyinshi, in dutsen a jikin bango anka rataye shi da ƙananan ƙarafa to wata rana zai sauko, kuma dattijo na iya jin ciwo. A yi famfo na ƙasa da ɗan wurin zama don alwala, ya fi sauƙi ya fi aminci. Daɓen banɗaki kuwa kada a kuskura a sa mai sheƙi, da ruwa da sabulu sun hau santsinshi ba a magana, akwai wanda anka bar fuskarshi da kaushi ko anka ƙona ta da wuta don ta yi gurza-gurza, shi ake sawa a ƙasa da matakala.

Ana yawo da magana cewa giranayit na fitar da wata iska mai sa ciwon daji. Gaskiya ne duwatsu irinshi na fitar da ɗan abin da ake ce ma radon, amma binciken hukumomin muhalli ya nuna abin da kantar kicin ke fitarwa kaɗan ne ƙwarai, wanda ke tasowa daga ƙasar da gida ke kai ya fi shi, kuma ɗaki mai taga da iska ke ratsawa ba abin damuwa.

Haɗarin gaske yana kan yaran da ke yanka shi. Za ka gansu a bakin shago ko a cikin gidan da ake aiki, ɗan saurayi ya duƙa da giranda yana yanka a bushe, farar ƙura ta turnuƙe shi har girarshi da gashin kai sun yi fari, ko ƙyalle babu a hanci. Wagga ƙura garin kwaz ce, ƙananan ƙwayoyinta na shiga can cikin huhu su zauna, huhun ya yi ta tabo yana taurara, ciwon ba ya warkewa kuma yana buɗe ma tarin fuka ƙofa, sai bayan shekaru mutum ya fara haki ana cewa asma ce ko sanyi. Na haɗin nan ya fi muni don kwaz ɗinshi ya fi yawa, har ƙasar Ostireliya ta haramta shi gaba ɗaya daga 1 ga Yulin 2024 saboda yawan matasan ma'aikata da sunka kamu. Mu a Zamfara bai kamata a yi muna dogon bayani kan ƙurar dutse a cikin gida ba, a 2010 yara fiye da 400 sunka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda dalmar da ke cikin dutsen zinariya da ake niƙawa a tsakar gida. Wancan dalma ce wannan kwaz ne, cutar ba iri ɗaya ba, amma hanyar shigarta gida ɗaya ce. Don haka kai mai gida da kake biyan kuɗin kana da ta cewa, ka sa sharaɗi tun wajen ciniki cewa yanka da gogewa a shago za a yi su kuma da ruwa na zuba a bakin zarton, in dole sai an ɗan gyara a gida to a fitar da shi waje nesa da yara da kayan abinci, wani na zuba ruwa a hankali ana kiyaye wayar wuta, mai yankan ya sa abin rufe hanci na gaske mai tace ƙura, irin na asibiti mai laushin nan ba ya tare ta. In an gama a kwashe lakar tun tana jiƙe a wanke wurin, kada a bari ta bushe a sa yarinya ta share da tsintsiya.